Ragowar Maganin Ƙwari a Cikin Abinci: Wa Ke Tsayar da Iyaka, Kuma Ina Matsayin Kamfanoni?

Gabatarwa

Malam manomi, idan kana noma a Izom ko a ƙauyukan da ke bakin Kogin Gurara, ka san cewa amfanin gonarka ba ya daɗewa a hannunka. Garin yana kan hanyar Suleja zuwa Minna, saboda haka buhun wake ko na masara da ya bar rumbunka zai iya kwana a kasuwar Lambata, washegari a sauke shi a Suleja ko Madalla, kafin mako ya zagayo an dafa shi a wani gida a Abuja. Wanda zai ci bai san ka ba, bai kuma san abin da aka zuba a cikin buhun ba. Abin da ke tsakaninku amana ce, sai kuma doka.

Wannan ƙasida za ta yi maka bayani a kan wannan doka: wa ke tsayar da iyakar maganin ƙwarin da aka yarda ya rage a cikin abinci, wace rawa kamfanonin da ke sarrafa magungunan suke takawa, da kuma abin da ya rage a wuyanka da wuyan malamin gona.

Mene ne ragowar magani?

Duk maganin da aka fesa a gona ko aka zuba a rumbu ba ya ɓacewa nan take. Rana da iska da ruwan sama suna rage shi sannu a hankali, amma wani ɓangare yakan rage a jikin ƙwaya ko ganye ko 'ya'yan itace. Wannan shi ne ragowar magani. Ido ba ya ganin sa, sau da yawa hanci ma ba ya jin sa, kuma wanki da dafuwa ba lallai su kawar da shi duka ba. Idan ya yi yawa yakan jawo amai da gudawa da jiri a take, wani lokaci har da mutuwa. Idan kaɗan ne amma ana ci kullum, illarsa takan bayyana bayan shekaru.

Darasin da wake ya koya mana

A shekarar 2008 ɗalibai sama da 100 na makarantar sakandaren 'yan mata ta Doma da ke Gombe sun kwanta asibiti bayan sun ci wake. Binciken Hukumar Kula da Ingancin Abinci da Magunguna ta Ƙasa, wato NAFDAC, ya gano sinadarin lindane, wanda manoma suka fi sani da sunan Gamalin. A shekarar ce kuma hukumar ta haramta magungunan gona har guda 30.

A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili shi ne, tun daga watan Janairu na 2013 an yi ta kama wakenmu a tashoshinsu, fiye da sau 50, kusan dukkansa ɗauke da dichlorvos ko DDVP, sinadarin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita ita ce miligiram 0.01 a kilo ɗaya. Domin ka fahimci ƙanƙantar wannan adadi, daidai yake da giram ɗaya tak a cikin buhu 1,000 masu kilo 100. A wani waken an sami har miligiram 4.6 a kilo, wato ninki 460 na iyakar. An tsawaita dakatarwar a 2016, aka sake tsawaita ta a 2019. Ta haka manomin da bai taɓa zuba komai a wakensa ba ya yi asarar kasuwa tare da wanda ya zuba, domin a manyan kasuwanni irin Dawanau ta Kano ana gauraya kayan mutane da yawa.

A shekarar 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a buɗaɗɗun kasuwanni da kantuna. A 2023 kuma ta sanar da ranakun daina amfani da wasu magunguna uku da aka saba da su, ga sunayensu kamar yadda ake rubuta su a jikin kwalba: paraquat daga Janairun 2024, chlorpyrifos daga Nuwamban 2024, atrazine daga Janairun 2025.

Yadda ake tsayar da iyaka

A shekarar 1963 Hukumar Abinci da Aikin Gona da Hukumar Lafiya ta Duniya, dukansu na Majalisar Ɗinkin Duniya, suka kafa hukumar Codex domin tsara ƙa'idojin abinci. Ƙasashe sama da 180 ne ke cikinta, har da Nijeriya. Daga cikin kwamitocin masanan da ke ba ta shawara akwai waɗannan biyu: ɗaya a kan sinadaran da ake ƙara wa abinci, wanda ya fara zama tun 1956, ɗaya kuma a kan ragowar maganin ƙwari, tun 1963. Daga 1995, da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, ƙa'idojin Codex suka zama ma'aunin da ake komawa gare shi idan saɓani ya taso tsakanin ƙasashe.

Aikin yana bin matakai biyu. Da farko ana gwada maganin a kan dabbobi har a gano adadin da bai nuna wata illa ba, sannan yawanci a raba shi gida 100 domin a sami abin da mutum zai iya ci kullum ba tare da cutuwa ba. Na biyu, ana fesa maganin a gonakin gwaji daidai yadda aka rubuta a jikin kwalba, a jira adadin kwanakin da aka ƙayyade, a girbe, a auna abin da ya rage. Daga wannan awo ake fitar da iyaka, muddin ba ta wuce abin da jiki zai ɗauka ba.

Ka lura da wannan sosai: iyakar an gina ta ne a kan cewa manomi ya bi umurnin da ke jikin kwalba. Duk wanda ya ƙara awo, ko ya girbe kafin kwanakin jira su cika, ko ya zuba maganin feshi a cikin hatsin ajiya, ya fita daga lissafin da aka yi gaba ɗaya.

Ina hannun kamfanoni?

Hannunsu yana wurare uku.

Na farko, wajen gwaji. Mafi yawan sakamakon binciken da masana ke dubawa, kamfanin da ke neman rajistar maganin ne ya biya kuɗinsa ya kuma kawo shi. Akwai hikima a cikin haka, domin bai dace talaka ya biya kuɗin gwajin hajar da wani zai ci ribarta ba. Amma akwai haɗari, domin mai kaya ne ke kawo shaidar kayansa. An ga misali a kan glyphosate, maganin ciyawar da ake fesawa kafin shuka. A 2015 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya shi cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, a 2016 kuma kwamitin masana na ragowar magani ya ce da wuya ya jawo ta ta hanyar abinci. Muhawarar da ta biyo baya na cikin dalilan da suka sa Tarayyar Turai ta yi doka a 2019, wadda ta fara aiki a 2021, da ke tilasta bayyana binciken kamfanoni a fili.

Wata matsalar kuma ta fi shafar mu kai tsaye. Kamfani yakan kashe kuɗin gwaji ne a kan amfanin da ke da babbar kasuwa, kamar alkama da masara da waken suya. Amfani irin doya da agushi da riɗi da zoɓo ba su cika samun wannan gata ba. Inda babu gwaji babu iyaka ta musamman, kuma a irin wannan hali Turai kan ɗora adadin nan na 0.01.

Na biyu, wajen zama. Ƙungiyar manyan kamfanonin, CropLife International, wadda ta ƙunshi irin su Bayer da BASF da Syngenta da Corteva, tana halartar tarukan Codex a matsayin 'yar sa ido. Tana magana, tana gabatar da takardu, amma yanke hukunci na ƙasashe ne. Sai dai ƙasar da ba ta da sakamakon awo na gonakinta, muryarta takan yi rauni a gaban wanda ya zo da nasa. A 2020 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da wannan ƙungiya, ƙungiyoyin manoma da na kare muhalli suka yi ta suka, aka kawo ƙarshenta a 2024.

Na uku, wajen saye da sayarwa. Mafi yawan magungunan da ke shagunanmu shigo da su ake yi, galibi daga Sin da Indiya. A ƙauyuka da dama mai shagon magani ya fi malamin gona kusa da manomi, shi ake tambaya, shi ke faɗin awo. Akwai masu gaskiya da ilimi a cikinsu, amma abincinsa yana cikin yawan abin da ya sayar. Ka saurare shi, sannan ka gwada maganarsa da abin da ke rubuce.

Sinadaran da ake ƙara wa abinci

Haka tsarin yake ga abin da ake ƙara wa abinci domin launi ko ɗanɗano ko daɗewa. A 1992 kwamitin masana ya ce bai dace a ci gaba da sa sinadarin bromate a fulawa ba, daga baya NAFDAC ta haramta shi a burodi a zamanin shugabancin Farfesa Dora Akunyili. Wanda ya fi shafar manomi shi ne kabayid na masu walda, da wasu ke nuna mangwaro da ayaba da shi. NAFDAC ta hana wannan, domin yana ɗauke da ƙazantar da ke cutar da mai ci.

Abin da ya kamata manomi ya yi

1. Ka sayi magani a cikin kwalbarsa ta asali, mai lambar rajistar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ka guji wanda aka ɗura a robar ruwa ko aka auna a leda.

2. Ka dubi launin da ke ƙasan takardar kwalba. Ja yana nufin guba mai tsanani, rawaya na biye, sai shuɗi, sai kore mafi sauƙi. Ko koren ma magani ne, a yi hattara da shi.

3. Ka nemi a karanta maka kwanakin jira tsakanin feshin ƙarshe da girbi, musamman a tumatir da kuɓewa da alayyafo na noman rani, da kuma wake kafin roro.

4. Kada ka zuba maganin feshi a cikin wake ko masara ko busasshen kifi ko garin doya.

5. Ka ajiye wake ba tare da magani ba. Ka shanya shi ya bushe sarai, ka zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki da buhu ɗaya a waje, ka matse iskar, ka ɗaure kowanne daban. Ƙwarin za su mutu saboda rashin iska. An fara yaɗa wannan buhu a Afirka ta Yamma daga 2007 da taimakon Jami'ar Purdue ta Amurka. Duro ko jarka mai murfin da ba ya shan iska ma yana yin wannan aiki idan an cika shi fal.

6. Ƙwayar Phostoxin tana fitar da iska mai kisa. Aikin wanda aka horar ne, kuma ba a amfani da ita a ɗakin kwana ko kusa da shi.

7. Kada kwalbar magani ta zama ta zuba ruwa ko mai ko gishiri. Ka ɗauraye ta sau uku, ka zuba ruwan a cikin injin feshi, ka huda ta.

Ga malaman gona

Malamin gona shi ne mai ba da shawarar da ba shi da kaya a shago, kuma wannan ne darajarsa. Idan kamfani ya shirya horo ko gonar gwaji, a halarta, domin akwai ilimi a ciki. Amma a koya wa manoma sunan sinadarin da ke cikin kwalba, domin sinadari ɗaya yakan zo da sunayen kasuwa da yawa. A riƙa bin sanarwar NAFDAC kan abin da aka haramta, a kuma sanar da ofishinta idan an ga irinsa a kasuwa. A shigo da 'yan kasuwar hatsi da masu shaguna cikin kowane taron faɗakarwa, domin sau da yawa a hannun mai tara kaya ake zuba maganin bayan ya bar gona. A kuma ƙarfafa wa ƙungiyoyin manoma su riƙa rubuta ranar feshi da sunan magani da awon da aka yi. Wannan ɗan littafi shi ne shaidarsu a gaban mai saye.

Kammalawa

Kamfani ya kawo gwaji, masana sun duba, hukuma ta sa hannu, amma babu ɗaya daga cikinsu da ke tsaye a gonarka ranar feshi ko a rumbunka ranar ɗurin buhu. A wannan rana dokar tana hannunka. Kafin ka buɗe kwalba, ka tuna cewa daga wannan buhun za a ɗebi na kasuwa, daga cikinsa kuma za a ɗebi wanda iyalinka za su ci. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Domin ƙarin bayani, sai a tuntuɓi malamin gona mafi kusa.