ƘARAMAR MOTAR HAƘA A LUNGUNAN BIRNI

Bayani ga Hakimai da Malamansu

Tun kaka da kakanni, in za a haƙa harsashin gida, ko lambatu, ko masai a birnin Katsina, majiya ƙarfi a ke nema, su zo da diga da shebur da kwando. Har yau su ne ke yin yawancin wannan aiki. Amma a zamanin nan akwai wata ƙaramar mota mai tafiya bisa sarƙa, mai hannu guda da bokiti a bakinsa, wadda ’yan kwangila da masu hali su ke saye ko su yi haya. Jama’a su kan kira ta katafila, waɗansu su ce eskabeta. Abin da ƙarti da yawa za su kwana biyu suna haƙawa, ita sai ta gama shi tsakanin hantsi da azahar.

Ba hakimi ne ke ba da iznin gini ba. Tun da a ka kafa Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978, filayen birni suna hannun Gwamna, iznin gini kuwa yana hannun hukumar tsara birane ta jiha. Duk da haka, ran da katangar wani ta faɗi saboda ramin maƙwabcinsa, ba ofishin gwamnati za a fara zuwa ba. Wurin mai unguwa za a je, daga nan a kai wa dagaci, har magana ta iso gaban hakimi. Saboda haka ya kyautu hakimai da malamansu su san halin wannan mota tun ƙara ba ta zo ba. Gindin maganar ɗaya ne: a cikin tsohon birni, faɗin lungu da lafiyar bangon maƙwabci su ne ma’aunin motar, ba ƙarfin injinta ba.

ASALINTA DA YADDA TA KE AIKI

A ƙasar Japan a ka fara ƙera ta, inda hanyoyin cikin gari ke da ƙunci kamar na tsofaffin biranen Hausa. Kamfanin Yanmar ya fito da tasa a 1968, kamfanin Takeuchi kuma ya fito da wadda ke juyawa ko’ina bisa gindinta a 1971. Yau akwai ƙirar Kubota, da Bobcat, da JCB, da Caterpillar, da na ƙasar Sin irin su Sany. Nauyinta ya kan kama daga tan 1 zuwa kamar tan 6.

Injinta na shan man gas, watau dizal. Injin ba shi ne ke ɗaga hannun kai tsaye ba, famfo ya ke juyawa, famfon ya tura wani mai na musamman cikin mesa da ƙarfi, man nan ya tura sandunan ƙarfe masu sheƙi waɗanda ke miƙe hannun su lanƙwasa shi. Wannan mai shi ne jinin motar. In ƙura ta shiga cikinsa, famfo ya lalace, famfon kuwa yana cikin kayan da su ka fi tsada a jikinta.

HALIN UNGUWANNIN GOBARAU

Hasumiyar Gobarau da ƙasa a ka gina ta, tsawonta kamar ƙafa 50. Masu tarihi suna danganta masallacin da ta ke jikinsa da zamanin Muhammadu Korau, wanda a ke ƙirgawa shi ne Sarkin Katsina Musulmi na farko, kuma wurin ya daɗe yana matattarar malamai da ɗalibai. Yanzu tana cikin kayan tarihin ƙasa waɗanda Hukumar Gidajen Tarihi ta Nijeriya ke tsarewa bisa dokar 1979. Unguwannin da ke kewaye da ita, zuwa Ƙofar Soro, zuwa Ƙofar Guga da Ƙofar ’Yanɗaka, tsofaffin mazauna ne. Lungunansu matsattsu ne, gidaje sun jingina da juna, kuma har yanzu akwai katangun tubali da sorayen azara a tsakanin gine-ginen siminti.

Bangon ƙasa ba shi da harsashi mai zurfi. Kaurin gindinsa da ƙasar da ke tokare da shi su ne ke riƙe shi. In an kwashe ƙasar nan, ko a ka bar ruwa ya kwanta a gindinsa, sai ya tsage, sai bango ya tsage kuwa ƙadangare ke samun wurin shiga. Da yawa ba ran haƙar ya ke faɗuwa ba. Ya kan jira ruwan Agusta, sa’ad da ɗan kwangila ya daɗe da karɓar kuɗinsa ya tafi.

ZAƁEN MOTAR

Abu na farko, mai niyyar saye ko haya ya ɗauki awo, ya auna inda ya fi ƙunci a hanyar da motar za ta bi, har da kwana, da ƙofar zaure, da indararon da ke leƙowa. Sa’an nan ya dubi waɗannan:

1. Mai tan 1. Faɗinta bai kai ƙafa 2 da rabi ba in ta tsuke sarƙoƙinta, tana iya shiga ta ƙofar gida. Zurfin haƙarta kamar ƙafa 5 zuwa 6. Ta dace da lambatun cikin gida da hanyar bututu.

2. Mai tan 1 da rabi zuwa 2. Faɗinta ƙafa 3 da ’yan inci, zurfinta kamar ƙafa 7. Ita ta fi dacewa da yawancin aikin cikin birni.

3. Mai tan 3. Faɗinta kamar ƙafa 5, zurfinta ƙafa 9 zuwa 10. Sai lungun da mota ke shiga.

4. Mai tan 5. Faɗinta ya wuce ƙafa 6, zurfinta kamar ƙafa 12. Wannan ta sababbin unguwannin bayan ganuwa ce da gonaki.

A cikin lungu an fi son wadda gindinta ba ya zarce faɗin sarƙarta in ta juya, gama da gindin nan mai nauyi a ke bugun bango, direba bai gani ba. Haka nan sarƙar roba ta fi ta ƙarfe, domin ba ta farfasa daɓe da kwalta, girgizarta kuma kaɗan ce.

Wanda aikinsa bai wuce na ’yan makonni a shekara ba, haya ta fi masa, gama mota a ajiye ci ta ke yi ba ta bayarwa. Wanda kuwa zai sayi ta hannu, ya tafi da makaniki wanda ya san irinta. A ta da injin da sanyin safiya, a duba launin hayaƙi, a duba yoyon mai a bakin sanduna, a girgiza hannun a ji ko mahaɗansa sun cinye. Tana da agogo mai ƙirga awoyin da ta yi tana aiki, amma ana iya canja shi, saboda haka jikin motar ya fi agogon gaskiya. A bincika takardun kwastan da lambar da ke jikin ƙarfenta. Babban abu kuma, a tabbata ana samun kayan gyaranta a Katsina ko Kano. Araha ba ta ado. Motar da za ta yi wata uku tana jiran ƙarfe guda daga ƙetare, ta bar rami buɗe a ƙofar gidan mutane.

KAYAN DA A KE ƊAURA MATA

Bokiti uku sun wadatar. Siriri mai inci 12 domin hanyar bututu. Matsakaici mai inci 18 zuwa 24, mai haƙora, domin harsashi da lambatu. Sai mai faɗi marar haƙora domin yashe kwata da daidaita ƙasa. Tana kuma da faranti a gabanta, na tura ƙasa da tokare ta sa’ad da ta ke haƙa. Akwai murɗaɗɗen ƙarfe mai huda ramin dasa itatuwa da turakun shinge.

Akwai kuma guduma mai fasa marmara da kankare. Wannan tana da amfani a fili, amma bugunta yana bin ƙasa ya shiga ginin da ke kusa. Kada a yarda a yi aiki da ita kusa da soron ƙasa, balle a kewayen hasumiya ko ragowar ganuwa.

Ban da waɗannan, lalle ne motar ta kasance da ƙarfen da ke kare direba in ta kife, da ɗamarar kujera, da tukunyar kashe gobara, da bindigar giris, da igiya ko katako na killace wurin aiki, domin yara ba sa ƙin kallo.

SHARUƊƊAN HAƘA

1. Kada zurfin rami ya fi nisansa daga gindin bango. In za a haƙa ƙafa 4, a nisanci bango da ƙafa 4 ko fiye. Abin da ya matsa fiye da haka, aikin hannu ne, kaɗan kaɗan, da shawarar injiniya ko sarkin magina.

2. Kafin a fara, a tambayi Hukumar Ruwa inda bututun ruwan Ajiwa ya bi, a tambayi kamfanin KEDCO da masu wayar sadarwa. In an kusanci bututu ko waya da ƙafa 2, a dakatar da motar, a ci gaba da shebur. A dubi sama kuma, gama wayoyin lantarki a lungu suna yin ƙasa ƙasa.

3. Ƙasar Katsina yawancinta jigawa ce, ba ta tsayuwa. Ramin da ya wuce ƙafa 4, kada mutum ya shiga sai an tokare gefensa da katako ko an kwantar da bakinsa. Ƙasar da a ka fitar a tara ta nesa da bakin ramin da ƙafa 3.

4. A tambayi dattawan unguwa inda tsofaffin rijiyoyi, da masai, da maƙabartu su ke. Rijiyar da a ka rufe da azara tana iya burmawa da mota da direbanta.

5. Kada a cike kududdufi don son fili sai da iznin hukuma. Daga cikinsa a ka ɗebi ƙasar da a ka gina unguwar, shi ne kuma ke shanye ruwan damina. In an cike shi ba a yi wa ruwa hanya ba, ruwan ya nemi ɗakunan mutane.

6. In bokiti ya fito da tsohuwar tukunya, ko ƙarfe, ko ƙasusuwa, a tsaya nan take, a sanar da hakimi, shi kuma ya sanar da Gidan Tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina. Ƙasar nan tana da ajiya a cikinta, kamar yadda tonon da a ka yi a Durɓi ta Kusheyi a 1907 ya nuna.

Lokacin da ya fi kyau ga irin wannan aiki shi ne daga kaka zuwa bazara, a gama a rufe ramuka kafin ruwan Yuni.

AJIYA DA KULAWA

Abokan gabar motar uku ne: ƙurar hunturu, da zafin bazara, da ɓarawo. A yi mata rumfa mai inuwa a cikin gida mai ƙofa, a daɓe ƙasan, ya ɗan tashi yadda ruwa ba zai kwanta ba. Rana tana busar da mesa da sarƙar roba har su tsattsage. Kowace yamma a sauke bokiti da faranti ƙasa, a cire makulli, a cika tanki domin kada raɓa ta taru a cikinsa ta gauraya da mai. A riƙa tace man gas, gama gurɓataccen mai na kashe inji.

Kowace safiya direba ya duba baƙin mai, da ruwan lagireto, da man famfo, ya sa giris a mahaɗan hannu da bokiti, ya tsiyaye ruwan da matatar mai ta tara. Da hunturu a duba matatar iska kullum, a kakkaɓe ƙurar lagireto. Yawancin masu ƙira sun ce a canja baƙin mai bayan awa 250 ko 500 na aiki, sai a bi abin da littafin motar ya faɗa. In za ta daɗe a ajiye, a mai da sandunan nan masu sheƙi cikin gidajensu, abin da ya rage a waje a shafe shi da giris, a cire wayar batir, a toshe kafofin da ɓera ke shiga, a riƙa ta da ita sau ɗaya a wata. In za a kai ta nesa, a ɗora ta bisa babbar mota a ɗaure da sarƙa, gama tafiyarta ba ta fi ta mai ƙafa ba.

LITTAFIN MALAMIN HAKIMI

Zai yi kyau kowane malamin hakimi ya keɓe littafi domin wannan sha’ani. Ran da za a shigo da motar unguwa, mai unguwa ya kawo rahoto, malam ya rubuta sunan mai aikin, da na mai motar, da na direba, da lambar takardar izni, da zurfin ramin, da ranar farawa da ta gamawa. Sa’an nan mai unguwa da maƙwabta su zaga tare da mai aikin, a duba bangayen da ke kusa, a rubuta duk tsagar da ke akwai, a ɗauki hotonta da waya, kowa ya sa hannu. Bayan damina a sake zagawa.

Littafin nan kariya ne ga kowa. Talakan da bangonsa ya tsage yana da hujja, mai aikin da a ka ɗora wa tsohuwar tsaga shi ma yana da hujja, hakimi kuma ya sami abin da zai yi sulhu a kai ba tare da rantse-rantse ba. A cikin birnin Katsina, abin da ya shafi kewayen Gobarau ya isa gaban Magajin Gari tun motar ba ta shigo lungu ba.

Motar haƙa alheri ce in an zaɓe ta daidai da wuri, an ba ta direba mai hankali, an bar wa masu diga da shebur abin da ya ke nasu a gindin bango. Hasumiyar Gobarau ta ga damina ɗaruruwa tana tsaye, domin kowane zamani ya sami masu kiyaye gindinta. Gidan talakan da ke maƙwabtaka da ita ya cancanci irin wannan kiyayewa. Rigakafi ya fi magani.