Mai tuta a wurin aikin hanya: me ya sa yake bukatar horo da katin shaida?

A hanyar da ta tashi daga Goudel ta ratsa Tondibia zuwa Tondikoirey, a arewa maso yammacin birnin Yamai, kowane irin abin hawa na haɗuwa: motocin sojoji masu shiga da fita barikin horarwa na Tondibia, manyan motocin kaya, faba-faba, ƴan kabu-kabu da amalanken jakuna. Ranar da aka toshe hannu ɗaya na irin wannan hanya domin gyaran kwalta ko haƙa magudanar ruwa, dole dukansu su bi ta hannun da ya rage. A lokacin, mutum guda ne ke cewa wane ya wuce, wane ya jira, wato mai tuta.

Jama'a da dama na kallon wannan aiki a matsayin na lebura, wanda kowa zai iya yi muddin aka miƙa masa jan ƙyalle. Amma lissafin gudun mota ya nuna ba haka abin yake ba. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa, mai gudun kilomita 90 kuwa mita 25. Direba na ɗaukar kamar daƙiƙa guda kafin ƙafarsa ta kai ga birki, sannan idan gudu ya ninka biyu, tazarar da birki ke bukata tana ninkawa har huɗu. Babbar mota mai lodi ta fi ƙarama wuyar tsayawa. Ke nan idan mai tuta ya tsaya bayan kwana, ko ya ɗaga hannu a makare, ya jefa kansa da ma'aikata da fasinjoji cikin haɗari.

Abin da ake koya masa

Darasi na farko shi ne wurin tsayuwa. Zai tsaya a gefen hanya, yana fuskantar motocin da ke tahowa, inda za a hango shi daga nesa, kuma da sararin da zai kauce idan birkin wata mota ya tsinke. Ba ya tsayawa a inuwar bishiya ko cikin taron ma'aikata, domin nan ido ba ya saurin rarrabe shi. Riga mai ƙyalli wajibi ce, musamman da asuba, da almuru, da lokacin hunturu da ƙura ke rufe gari.

Na biyu shi ne jera alamu. Kafin direba ya iso wurin mai tuta, ya kamata ya riga ya ga allon da ke sanar da aiki a gaba, sai na rage gudu, sai na hana wuce wata mota. A tsarin Faransa, allunan gargaɗi na wucin gadi launin rawaya ne, kuma mai ba da hannu na riƙe da wani faifai mai sanda da ake kira K10, fuska ɗaya ja, ɗayar kuma kore.

Na uku shi ne fahimtar juna tsakanin masu tuta biyu da ke bakin aikin ta nan da ta can. Ba a buɗe hannu sai ɗayan ya tabbatar motar ƙarshe ta fita, ko da ishara idan suna hangen juna, ko ta rediyon hannu. A hanya irin ta Tondibia, wannan motar ƙarshe na iya zama amalanke mai tafiyar hawainiya, don haka sai an ƙara masa lokaci. Ana kuma koya masa yadda zai ba motar asibiti ko ta ƴan kwana-kwana hanya, da yadda zai tsallakar da ƴan makaranta. Shi ba ɗan sanda ba ne kuma ba jandarma ba: ba ya tambayar takardu, ba ya karɓar ko dala.

Yadda wasu ƙasashe ke yi

A jihar Queensland ta ƙasar Ostareliya, ba a barin mutum ya ba da hannu a wurin aikin hanya sai da katin ma'aikatar sufuri. Kafin ya samu sai ya yi karatu, ya kuma yi aƙalla awa 20 yana aiki ƙarƙashin idon gwani, kuma duk shekara 3 ake sabunta katin. A Ingila, dokar shekarar 1991 kan ayyukan tituna ta tanadi rajistar ƙwararrun ma'aikata, katinsu na aiki ne na shekara 5. Hikimar sabuntawar ita ce ƙa'idoji na canzawa, kuma sabo na sa mutum sakaci.

Katin na da amfani ta fuska uku. Kamfani ya san wanda ya ɗauka, hukuma ta san wanda za ta tambaya idan an yi haɗari, shi kuma matashin ya samu sana'ar da zai nuna shaidarta a wani wurin aiki, daga Yamai zuwa Maraɗi ko Damagaram.

Ina Nijar ta tsaya?

Ginshiƙan da za a ɗora irin wannan tsari a kansu suna nan. Akwai dokar hanya ta shekarar 2014, akwai hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra, akwai asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a, sannan a Yamai akwai cibiyar CFTTR mai horar da ma'aikatan sufuri. Bankin Duniya ma, a ƙa'idojinsa da suka fara aiki a 2018, yana neman ayyukan da yake ba kuɗi su yi tanadin tsaron masu bin hanya.

Matakin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta sharaɗin a cikin kwangila: duk kamfanin da zai toshe hanya ya gabatar da sunayen masu tutarsa da shaidar horonsu, ya ba su kayan aiki, ya yi musu rajista a CNSS domin a biya su diyya idan suka ji rauni a bakin aiki. A kuma riƙa canjin su, domin wanda ya yi awoyi a tsaye cikin zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Yamai, hankalinsa ba zai zauna wuri ɗaya ba. Horon ya kasance da Zabarmanci da Hausa, ba Faransanci kaɗai ba.

Direbobi da ƴan kabu-kabu su ma da nasu rabon. Da zarar an ga allon rawaya a sassauta gudu, a tsaya inda aka ce a tsaya, kada a kutsa ta gefe don layi ya yi tsawo. Wanda ya ƙi jiran minti biyu, yana iya cin karo da babbar motar da aka riga aka ba hannu daga ɗaya ɓangaren.