3.2 Yadda Na'urar Gani Ke Tantance Shinkafa A Masana'anta

A fasalin da ya gabata an bayyana cewa na'urar gani haɗaka ce ta fitila da kyamara da kwamfuta, waɗanda ke aiki tare domin duba kaya a madadin idon ɗan Adam. A wannan fasali kuwa za a dubi yadda take aiki a manyan masana'antun casar shinkafa, irin waɗanda ake samu a jihohin Kano da Kabi.

Tun asali, bayan an cashe shinkafa an sheƙe, mata kan baza ta a faifai su tsince tsakuwa da baƙar ƙwaya ɗaya bayan ɗaya. Wannan aiki ya ƙunshi abubuwa uku, wato gani da yanke hukunci da cirewa. Su ne kuma na'urar ke aiwatarwa, sai dai cikin saurin da hannu ba zai iya ba.

Da farko, shinkafa kan gangaro daga mazurari ta bi wani kwararo mai santsi, har ta faɗo a baje, ba a cunkushe ba. Yayin da take cikin iska, sai fitilu su haske ta, kyamarori kuma su ɗauki hoton kowace ƙwaya ta gaba da ta baya. Tushen irin wannan kyamara shi ne na'urar CCD mai mayar da haske zuwa siginar lantarki, wadda Willard Boyle da George Smith suka ƙirƙiro a Amurka a shekarar 1969, aka kuma ba su lambar yabo ta Nobel a kanta a 2009.

Na biyu, kwamfuta kan gwada launin kowace ƙwaya da ma'aunin da mai kula da inji ya saita mata. Na uku, duk ƙwayar da ta saɓa wa ma'aunin, sai wani ɗan bututu ya fesa mata iska mai ƙarfi, ta karkace ta faɗa mazubin tarkace, sauran kuma su wuce zuwa buhu.

A nan ne aikin mai kula da inji ke da muhimmanci. Idan ya tsananta ma'aunin, lafiyayyar shinkafa za ta bi tarkace, mai masana'anta ya yi asara. Idan kuma ya sassauta, baƙar ƙwaya za ta kai ga tukunyar mai saye, sunan kamfani ya ɓaci a kasuwa.

Haka kuma, na'urar tana da iyaka, domin abin da ya bayyana a jikin ƙwaya kawai take gani. Alal misali, a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa. Irin wannan aibi ba shi da launin da kyamarar tantance launi za ta kama, sai dai gwaji a ɗakin bincike.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa na'urar gani ta karɓi aikin tsinta ne kawai. Saita ma'auni da tabbatar da lafiyar abinci suna nan a wuyan ɗan Adam. Fasali na gaba zai dubi matsalolin ƙura da ɗaukewar wutar lantarki, da yadda suke shafar aikin na'urar.