Asalin Kalmar Maroon da Tarihin da Ke Bayanta

Mai karanta Turanci yakan ci karo da kalmar maroon a wurare uku da ba su yi kama da juna ba, wato a sunan launi, da labarin wanda aka yasar a tsibiri, da kuma tarihin bayin Afirka a nahiyar Amurka. Dalili kuwa shi ne kalmomi biyu ne masu tushe daban suka shiga Turanci ta hanyar Faransanci, suka dace a rubutu da furuci.

Ta launi ba ta da dogon labari. Tana nufin ja mai duhu da ya karkata zuwa ruwan ƙasa, kuma ta fito ne daga marron, sunan da Faransawa ke kiran wani ɗan itace mai jan ɓawo da ake gasawa a ci lokacin sanyi. A ƙarshen ƙarni na 18 ne Turawan Ingila suka mai da ita sunan launi.

Ta biyun ita ce mai nauyi. Yawancin masana suna danganta ta da cimarrón, kalmar da Sifaniyawa suke kiran dabbar gida da ta tsere daji ta ƙi komowa, wadda daga baya suka laƙaba wa bayin da suka gudu daga gonakin rake, abin da ke nuna ƙarara yadda masu bayi suka ɗauki ɗan Adam tamkar saniya. Daga nan aka sami aikatau mai ma'anar barin mutum shi kaɗai a inda ba mafita, kamar yadda ya faru da matuƙin jirgin ruwa Alexander Selkirk, wanda ya zauna a wani tsibiri na tekun Fasifik daga 1704 zuwa 1709.

Sai dai waɗanda aka yi wa laƙabin ba su bar shi a matsayin zagi ba. A tsaunukan Jamaika sun kafa garuruwa, suka daɗe suna yaƙin sunƙuru ƙarƙashin shugabanni irin su Cudjoe, wanda sunansa na mutanen Akan ne na ƙasar Gana ta yau, da jarumar mace Nanny, har Ingila ta sa hannu a yarjejeniyar 1739 da ta amince da 'yancinsu, ko da yake da sharaɗi mai ɗaci, cewa su riƙa mayar da sababbin bayin da suka gudo. A Surinam ma Holan ta yi irin wannan sulhu da mutanen Ndyuka a 1760, kuma jikokinsu suna nan da harshensu da sarautarsu.

Wasu ma sun sake taka ƙasar Afirka, domin bayan wani yaƙin, Ingila ta kwashe ɗaruruwansu daga Jamaika zuwa Nova Scotia a 1796, sannan a 1800 aka kai su Firitawun ta Saliyo, inda cocin da suka gina yake tsaye har yau ɗauke da sunan Maroon.