Wasagu: Abotar da ake ƙullawa a fagen kokawa, a ci moriyarta bayan an zama uba

Idan aka gama girbi a ƙasar Zuru, dawa ta shiga rumbu, hunturu ya fara kaɗawa, akwai ranar da samari ke ɗoki: ranar da za a share fili, a buga ganga, a kama kokawa.

A ƙauyukan ƙaramar hukumar Danko-Wasagu ta jihar Kebbi, ba abin mamaki ba ne a ga magidanci tsaye a bakin fage yana kallon ɗansa, a gefensa kuma ga mutumin da ya sha kai shi ƙasa lokacin ƙuruciya. Yanzu aminai ne. Shi ne ya raka shi neman aure, shi ne kuma ya fara zuwa barka da aka haifi yaron da suke kallo.

A wajen Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, kokawa ba wasan yara ba ce kawai. Tana cikin manyan abubuwan bikin Uhola, bikin godiya bayan kaka. Har ma a da, shahararren ɗan kokawa yana cikin mutanen da ake girmama kabarinsu da tukwane da siffofin yumɓu waɗanda mata ke ginawa, kamar yadda ake yi wa manyan mafarauta.

Amma inda abotar ke nuna amfaninta shi ne golmo.

A al'adar golmo, saurayin da ke son aure yakan yi wa mahaifin yarinya noma, bisa al'ada har shekara bakwai. Ba shi kaɗai yake zuwa ba. Sa'o'insa ne ke ɗaukar fartanya su bi shi, yau gonar surukin wannan, gobe ta surukin wancan. Wanda ya yi ƙyuya a gonar abokinsa ya san abin da zai tarar ranar da layi ya zo kansa. A bikin Uhola ne ake yaye waɗanda suka cika shekarunsu.

Ke nan kafin mutum ya zama miji, balle uba, ya riga ya san wa zai kira idan ruwa ya ci gonarsa, ko matarsa ta fara naƙuda da tsakar dare babu abin hawa. Addinin Musulunci da na Kirista da karatun boko sun rage ƙarfin golmo, sadaki da kayan lefe sun karɓi wurinsa a gidaje da yawa. Wasu na ganin hakan sauƙi ne, kuma da gaskiyarsu, shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Sai dai kuɗi na biyan suruki ne kawai, ba ya samar wa ango abokan da suka yi gumi tare.

Wannan buƙata ba ta mutanen Zuru kaɗai ba ce. A Kanada, inda sanyi ke daskarar da tafki, wasan hoki na kan ƙanƙara ne ke yin wannan aiki. 'Yan wasa shida-shida ne, suna sulɓi da takalma masu ƙarfe a ƙasa, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda. Magidanta da ba su taɓa cin ko sisi da wasan ba kan haɗu cikin dare bayan yara sun yi barci, su buga na awa guda, sannan su daɗe a ɗakin sauya kaya suna hira. Da asuba kuma su ne ke kai 'ya'yansu atisaye.

Har a Afirka akwai masu yinsa. A Nairobi, ƙungiyar Ice Lions tana atisaye a filin ƙanƙara na otal ɗin Panari, kuma ta daɗe ba ta da abokan karawa a Kenya. A 2018 kamfanin Tim Hortons ya kai 'yan wasanta Kanada, suka buga tare da taurari biyu, Sidney Crosby da Nathan MacKinnon.

Bambancin shi ne, magidancin Kanada na fita wasa da dare ya dawo gida lafiya.

A ƙasar Zuru, hare-haren 'yan bindiga sun sa fitar dare ta zama abin tsoro, wasu ƙauyukan ma sun watse. A watan Maris na 2022, an kashe 'yan sa-kai fiye da 60 a wani kwanton ɓauna a yankin Sakaba mai maƙwabtaka da Danko-Wasagu. Mutane ne da suka fito tare daga garuruwansu don kare iyalansu. Ranar 17 ga Nuwamban 2025 kuma aka sace ɗalibai mata 25 a makarantar sakandare ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar.

Samarin da iyayensu suka yi gudun hijira zuwa Ribah ko cikin garin Zuru suna tashi ne nesa da fagen ƙauyensu da gonakin da ake golmo. Da yamma sukan samu fili a bayan makaranta, su kafa duwatsu biyu a matsayin raga, su raba kansu gida biyu. Iyayen kan zauna a inuwa suna kallo, rediyo a kunne, ana jiran labarin ko hanyar gida ta buɗe kafin damina.