Awon Itacen Daji da Ƙa'idar Sara a Ƙasar Gobir

A Sabon Birni da Isa, inda akasarin gidaje ke girki da itace, abin da ya kamata a tambaya kafin a ɗora wa daji gatari shi ne yawan itacen da yake ƙarawa a shekara, domin wanda ya sari fiye da wannan ƙari ya fara cin uwar kuɗi ke nan.

Masana gandun daji suna gano hakan ta hanyar ƙiyasta nauyin itace, wato nauyin gangar bishiya da rassanta bayan sun bushe. Sukan keɓe ƙananan filaye, su auna kaurin kowace bishiya a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, sannan su sare 'yan kaɗan, su busar, su ɗora a sikeli, don su fitar da lissafin da zai danganta kauri da nauyi. In aka maimaita awon bayan wasu shekaru, bambancin da aka samu shi ne ƙarin.

Sai dai wannan awo ya fi dacewa da itatuwa masu ganga ɗaya kamar marke da ƙirya, alhali abin da mata da yara ke ɗaurowa dami-dami yawanci sabara ce da geza da kalgo, waɗanda ke tashi da rassa barkatai daga gindi guda, don haka sai an auna faɗin kansu ko an ƙirga rassan. Alfanunsu shi ne suna toho bayan sara, matuƙar an bar kututturen kuma an hana awaki cinye tohon. Masu tone saiwa da masu ƙona gawayi su ne ke kashe daji.

Maƙwabta sun riga sun gwada kafa ƙa'idar sara. Tun 1992 Nijar ta kafa kasuwannin itace na karkara, inda ake yanka wa ƙauye adadin da zai sara, a kasa dajin kashi-kashi ana hutar da wasu, kuma manoman Maraɗi sun shahara da renon tohon da ke gonakinsu tun shekarun 1980. A ɓangaren iyaka na Sabon Birni da Isa kuwa, 'yan bindiga sun mayar da dazuka irin su Gundumi wurin da malamin daji ba ya iya shiga da tef ɗinsa, lamarin da ya tattara sara a kan 'yan itatuwan bayan gari.