Dabarun Fitar da Kaki ga Manya Masu Ciwon Faɗaɗar Bututun Huhu

Akan sami mutumin da ya kammala watanni 6 na maganin tarin tibi, gwaji ya nuna ƙwayar cutar ta mutu, amma kowace safiya sai ya tashi da tari da kaki mai kauri. Sau da yawa dalili shi ne ciwon da likitoci ke kira bironkiyaktasis, wanda likitan Faransa René Laennec ya bayyana a 1819. Bututun iska na huhu ne suke faɗaɗa, ba sa komawa yadda suke. Kaki ya kwanta a cikinsu, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, kumburi ya ƙara ɓata bututun. A Jega da Aliero da Maiyama, ƙurar hunturu da ƙaiƙayin shinkafa da hayaƙin itace suna tsananta tarin. Hoton sitisikan ne ke tabbatar da ciwon, bayan an sake gwada kaki an kawar da zaton tibi.

Tunda bututun ba ya gyaruwa, jigon kulawa shi ne fitar da kakin kullum. Dabarar da ta fi dacewa da yankinmu, a ganina, ita ce zagayen numfashi, domin ba ta buƙatar na'ura ko kuɗi. Majinyaci zai zauna ya sassauta kafaɗu, ya yi numfashi a hankali ta ciki. Sai ya ja dogon numfashi sau 3 ko 4, yana riƙe kowanne kamar daƙiƙa 3, don iska ta kutsa bayan kakin. Daga nan ya buɗe baki ya yi huci, kamar mai son dusashe madubi. Hucin ne ke turo kakin sama. Tari sai a ƙarshe. Tari mai ƙarfi tun farko yakan matse bututun, ya gajiyar da mutum a banza. Ana maimaita zagayen na minti 10 zuwa 30, sau ɗaya ko biyu a rana.

Ana iya haɗawa da kwanciya a gefe, ɓangaren da ke ciwo yana sama, wani ya riƙa bubbuga ƙirji da tafin hannu a lanƙwashe kamar ƙoƙo. Aliero ta shahara da ɗori, amma wannan aikin hannu ne na daban: bugu ne mai sauƙi a kan haƙarƙari, ba a taɓa ƙashin baya. Mai ƙwannafi kada ya kwanta kai a ƙasa. In jini ya fito cikin kaki, ko zazzaɓi ya taso, a dakata a nufi asibiti.